Yadda Ake Zagaya Tsibirin Sri Lanka Cikin Mako Biyu, Daga Tsofaffin Birane Zuwa Bakin Teku

Wanda ya dubi Sri Lanka a taswira zai ga ɗan tsibiri a ƙarƙashin ƙasar Indiya, wanda tsawonsa daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 430 ne, wato kwatankwacin nisan Kano zuwa Abuja a mota, kuma wannan ƙanƙanta ita ce take yaudarar matafiyi. Hanyoyin tsakiyar ƙasar suna nannaɗe ne a jikin duwatsu, jiragen ƙasa suna tafiya a hankali, har ta kai kilomita 100 kan cinye wa mutum sa'a uku ko huɗu. Saboda haka duk tsarin da zan kawo a nan na gina shi ne a kan abu biyu: a bi ruwan sama wajen zaɓen hanya, kuma a rage yawan garuruwan da za a kwana domin a samu damar ganin kowanne da kyau. Sunayen wurare kuma na bar yawancinsu yadda za ka gan su a rubuce a allunan tasha, domin kada ka rikice idan ka isa.

Matakin farko shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Tsibirin yana da damina biyu, kowace da ɓangarenta. Ta farko tana zuwa daga kudu maso yamma tsakanin watan Mayu da Satumba, ta jiƙa Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, da Galle da duwatsun da ake noman shayi, ta kuma hargitsa tekun wannan gefen har wanka ya zama haɗari. Ta biyu tana saukowa daga arewa maso gabas tun daga wajen Oktoba zuwa Janairu, ta rufe gabar gabas da arewa. Idan hutunka ya faɗo tsakanin Disamba da Maris, to bakin tekun kudu da yamma shi ne naka, kuma hanyar da zan bayyana ta wannan lokacin ce. Idan kuwa tsakanin Mayu da Satumba ka samu sarari, sai ka riƙe rabin farko na tsarin yadda yake, ka musanya ƙarshensa da gabar gabas, wato Trincomalee da Nilaveli da Pasikudah da Arugam Bay, inda teku ke kwance a waɗannan watanni.

Daga nan sai takardu. Mutanen ƙasashe da dama suna samun izinin shiga ta intanet cikin kwanaki kaɗan, ta tsarin da ake kira ETA, amma masu fasfon wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya, ba su cikin wannan sauƙi, dole ne su nemi biza tun suna gida. Don haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin Sri Lanka da ke kula da ƙasarka aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa sai bizar ta fito. Fasfonka ya kasance da sauran wata shida ko fiye, ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masaukin daren farko a buge a takarda, sannan ka tabbatar katinka na allurar shawara yana hannu, domin ana neman sa daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma, sai an ya da zango a Doha ko Dubai ko Istanbul. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a huɗu da rabi.

Game da lafiya, tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Sri Lanka ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, amma akwai zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo, saboda haka man korar sauro wajibi ne a jakarka. Ka sha ruwan roba ko wanda aka tafasa. Lambar motar ɗaukar marasa lafiya ita ce 1990, ta 'yan sanda kuma 119.

Jirginka zai sauka ne a filin Bandaranaike da ke Katunayake, kimanin kilomita 30 arewa da Kolombo. Kafin ka fita daga zauren isowa ka kammala abu biyu: ka canza wani ɓangare na dalolinka zuwa rupi, ka kuma sayi layin waya na Dialog ko Mobitel da fasfonka. Ka zo da dala tsaba, sabbi marasa yagewa, domin katin banki na gida ba abin dogaro ba ne a waje, kuma kuɗin shiga manyan wuraren tarihi yana da tsada ga baƙo, na Sigiriya kaɗai ya kai dala 30 ko fiye. Ka sauke manhajar PickMe, wadda da ita ake kiran a-daidaita-sahu, da su suke kira tuk-tuk, a kan farashin da aka ƙayyade. Inda manhajar ba ta aiki, ka yi ciniki ka gama kafin ka hau. Tuƙi a hannun hagu ake yi, kuma direbobin bas suna da gaggawa ƙwarai, don haka ba na ba baƙo shawarar ya tuƙa da kansa. Abin da ya fi dacewa shi ne ka ɗauki mota da direbanta na kwana biyar ɗin farko, inda wuraren tarihi suke warwatse, daga baya ka koma jirgin ƙasa. Daren farko ka kwana a Negombo, wanda yake kusa da filin jirgin, ka bar Kolombo sai ranar komawa.

Kafin mu kama hanya akwai maganar ladabi, wadda a wurina ta fi duk sauran matakan nauyi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen ƙasar mabiya addinin Buddha ne, kuma wuraren da baƙo yake zuwa kallo su ne wuraren da suke ibada yau da gobe, za ka tarar da tsofaffi cikin fararen kaya riƙe da furanni suna addu'o'insu. Ana cire takalmi a ƙofa, ana rufe kafaɗu da gwiwoyi, wanda ga mai kaftani ko doguwar riga ba wani aiki ba ne. Abin da zai zo wa Bahaushe a baƙo shi ne cewa a wurinsu cire abin da ke kai shi ne girmamawa, saboda haka namiji zai tuɓe hularsa, kuma a wasu wuraren masu gadi sukan nemi mace ta cire ɗankwali ko hijabi. Shawarata ita ce a yi tambaya a ƙofa kafin a yanki tikiti. Idan sharaɗin bai yi wa mace daidai ba, sai ta tsaya daga wajen harabar cikin mutunci, ba tare da jayayya ba, domin yawancin manyan gine-ginen ana ganin su sarai daga nesa, kuma kangayen fadoji da tafkuna da lambuna ba su da wannan sharaɗi. Ba a juya wa mutum-mutumin Buddha baya don ɗaukar hoto, ba a hawa jikinsa, ba a jingina da shi, kuma hukuma ba ta ɗaukar wannan da wasa. Mace ba ta taɓa malamin addininsu mai sanye da mayafi ruwan goro, kuma kujerun gaba a bas nasu ne. Ka riƙe safa mai kauri, domin daɓen dutse yana ƙona ƙafa da tsakar rana. Ka kuma sani cewa duk ranar cikar wata, wadda suke kira Poya, hutu ce a ƙasar baki ɗaya, bankuna a rufe, ba a sayar da nama, wuraren ibada kuma a cike maƙil.

Musulmi kusan kashi goma cikin ɗari ne na jama'ar, kuma da wuya ka shiga gari mai kasuwa ka rasa masallaci. Sai dai ka lura cewa alƙibla a can tana arewa maso yamma ne, don haka wanda ya saba fuskantar gabas ya duba manhaja ko ya tambaya tun a masauki. Mafi yawansu mazhabar Shafi'i suke bi, za ka ji liman yana bayyana Bisimilla, za ka ga an ɗaga hannu a ƙunutin Asuba. Gidajen abincinsu su ne mafi sauƙin wurin samun naman halal, kuma ƙananan wuraren cin abinci a can otel ake rubuta musu a allo ko da ba su da ɗakin kwana ko ɗaya.

A rana ta biyu ka kama hanyar arewa zuwa Anuradhapura, tafiyar kamar sa'a huɗu, ka ba garin kwana biyu. Wannan birni ya yi fiye da shekara 1,000 yana babban birnin sarakunan Sinhala, ƙabila mafi yawa a tsibirin, kafin mayaƙan Chola daga kudancin Indiya su ci shi a shekarar 993. Yana da faɗi sosai, ba a gama shi da ƙafa, sai da keke ko a-daidaita-sahu. Ka fara da sassafe daga itacen Sri Maha Bodhi, wanda tarihinsu ya ce reshe ne na itacen da Buddha ya zauna ƙarƙashinsa a Indiya, Sanghamitta 'yar Sarki Ashoka ce ta kawo shi a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma tun daga lokacin ba a daina kula da shi ba. Daga nan ka taka zuwa Ruwanwelisaya, farar ƙubbar nan da Sarki Dutugemunu ya gina, irin ginin da suke kira dagoba, wanda cikinsa a cike yake, zagaya shi ake yi ta hannun dama. Sai Jetavanaramaya ta Sarki Mahasena, wadda aka yi da jan bulo zalla, kuma a zamaninta ta haura mita 120. Abin da ya fi burge ni a wannan yanki shi ne ruwa. Ƙasa ce mai dogon rani, amma sarakunanta suka haƙa manyan tafkuna, irin su Tissa Wewa da Nuwara Wewa, suka haɗa su da magudanai, kuma har yau manoman shinkafa da su suke ban ruwa. Duk wanda ya taso a ƙasar da ake jiran damina wata bakwai zai san darajar wannan aiki. Da yamma ka je Mihintale, kimanin kilomita 13 daga garin, inda aka ce Mahinda ɗan Ashoka ya sadu da Sarki Devanampiya Tissa ya shigo da addinin Buddha cikin tsibirin. Matakalarsa 1,840 ce, amma shimfiɗaɗɗiya ce a inuwar itatuwa.

Rana ta huɗu ka koma Sigiriya ko Habarana, ka mai da wurin masaukinka na kwana biyu. Sigiriya wani ƙaton dutse ne da ya miƙe kusan mita 200 daga tsakiyar daji, wanda Sarki Kashyapa, da ya yi mulki daga 477 zuwa 495, ya gina fada a kansa bayan ya kashe mahaifinsa Dhatusena ya ƙwace sarauta, yana tsoron dawowar ɗan'uwansa Moggallana. Ka kasance a ƙofa lokacin da ake buɗewa, domin daga ƙarfe tara rana takan yi zafi, kuma matakalar ƙarfe mai ƙunci takan cushe da mutane. Hawan yana da matakala kimanin 1,200. Za ka ratsa lambunan ruwa, waɗanda wasu maɓuɓɓugansu ke aiki har yanzu idan an yi ruwan sama, ka wuce zanen mata a jikin dutse, wanda an hana ɗaukarsa hoto, ka bi ta gefen bangon da baƙi na ƙarnonin baya suka rubuta waƙoƙi a kansa, sannan ka isa tsakanin manyan dagin zaki biyu, inda hawan ƙarshe yake farawa. A wannan wuri akwai sheƙar zirnaƙo a jikin dutse, don haka a yi shiru, a bar hayaniya. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya tsaya a dagin zakin, ya riga ya ga rabin abin da ake zuwa gani.

Washegari ka je Polonnaruwa, tafiyar sa'a ɗaya da rabi, birnin da ya gaji Anuradhapura. Ya fi shi ƙanƙanta kuma gine-ginensa sun fi tsayuwa, rabin yini a kan keke ya isa. Sarkin da ya fi suna a nan shi ne Parakramabahu na Farko, wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186, kuma ana danganta masa cewa kada a bar ko ɗigon ruwan sama ya kai teku ba tare da ya amfani mutum ba. Tafkinsa yana nan har yau, saboda girmansa suke kiran sa tekun Parakrama. Ka bar Gal Vihara a ƙarshe, inda aka sassaƙa siffofin Buddha huɗu daga dutse guda, na kwancen tsawonsa mita 14. Idan tafiyarka ta faɗo tsakanin Yuli da Satumba, ka ƙara da gandun Minneriya da la'asar, domin a lokacin ne giwaye suke taruwa da ɗaruruwa a bakin tafki.

Rana ta shida ka nufi Kandy, ka tsaya a Dambulla a hanya ka hau zuwa kogunan nan biyar masu ɗauke da siffofin Buddha sama da 150 da rufin dutse da aka zane gaba ɗaya, waɗanda asalinsu yake komawa ga Sarki Valagamba a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa. Ka yanki tikiti tun a ƙasa, kada ka hau ka tarar dole ka sauko, kuma ka ɓoye abinci daga birai. Kusa da Matale akwai Aluvihare, inda aka fara rubuta littattafan addininsu a kan ganyen giginya bayan ƙarnoni ana riƙe da su da ka. A wannan hanya direba zai so ya tsaya da kai a lambunan kayan yaji. Kallo ba laifi, amma farashinsu ninkin na kasuwa ne, ka bar saye sai ka isa gari.

Kandy ita ce masarautar ƙarshe da ta tsaya wa Turawa, sai a 1815 Ingilishi suka karɓe ta. A bakin tafkinta ne haikalin Sri Dalada Maligawa yake, inda ake ajiye haƙorin da suka yi imani na Buddha ne, wanda aka ce wata gimbiya ta ɓoyo a gashin kanta daga Indiya a ƙarni na huɗu, kuma a da duk wanda yake riƙe da shi shi ne ake gani ya cancanci sarauta. Ba a ganin haƙorin kansa, akwatin zinariyarsa ake hangowa idan an buɗe ƙofa lokacin hidimar asuba da ta hantsi da ta magariba, cikin kiɗan ganguna. Bincike a ƙofa yana da tsanani tun bayan harin bam na 1998. Idan ka zo a Yuli ko Agusta za ka iya cin karo da bikin Esala Perahera, dare goma na jerin gwanon giwaye da makaɗa da masu rawa, sai dai masauki yakan yi wuya sai wanda ya kama tun da wuri. Ka ware rabin yini don lambun itatuwa na Peradeniya.

Daga Kandy sai jirgin ƙasa. Kujerun da ake kamawa tun da wuri ana fara sayar da su kwana 30 kafin ranar tafiya, kuma sukan ƙare da sauri, don haka ka saya ta intanet ko ka roƙi masaukinka ya saya maka. Na fi son daraja ta biyu a kan ta ɗaya, domin tagoginta suna buɗewa ka shaƙi iskar duwatsu. Ka bincika tukuna ko layin yana aiki har ƙarshe, saboda zaftarewar ƙasa takan katse shi, kamar yadda guguwar ƙarshen Nuwamba 2025 ta yi masa mummunar ɓarna. Inda ya katse, mota tana bin hanya kusan ɗaya. Kada ka yi lilo a ƙofar jirgi don hoto, akwai ramukan dutse masu ƙunci a kan layin, kuma an sha yin asarar rayuka a haka.

Ka sauka a Hatton, ka hau bas zuwa ƙauyen Dalhousie, gindin dutsen Sri Pada, wanda Larabawa suka sani da dutsen Adamu a ƙasar Sarandib. Tsayinsa mita 2,243, kuma a ƙololuwarsa akwai wani gurbi mai siffar sawun ƙafa, wanda mabiya Buddha suke cewa na Buddha ne, Hindu suke cewa na abin bautarsu Shiva ne, matafiya da masu tarihi na Musulmi kuma suka ruwaito cewa nan ne Annabi Adamu, alaihis salam, ya sauka. Ibn Battuta ya hau shi a shekarar 1344, shekara tara kafin ya iso Takedda a ƙasar Ayar, kuma ya ba da labarin sarƙoƙi goma da ake kamawa a hau, ta ƙarshensu ana kiran ta sarƙar Shahada, domin wanda ya kai wurin ya dubi ƙasa sai tsoro ya sa shi yin kalmar Shahada. Yau matakala ce sama da 5,000, da fitilu da rumfunan shayi a lokacin ziyara, wanda yake farawa daga cikar watan Disamba zuwa ta Mayu. A tashi da misalin ƙarfe biyu na dare domin a isa kafin fitowar rana, a ɗauki rigar sanyi mai kauri da ruwa, a yi alwala tun a ƙasa, a nemi wuri keɓantacce a hanya don sallar Asuba, domin saman harabar ibadarsu ce. Da gari ya waye sai inuwar dutsen ta faɗa kan gajimare da kusurwa uku daidai. Ka guji ranar Poya da ƙarshen mako, lokacin da layin masu ziyara kan tsaya cik na sa'o'i. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ka bar wa kanka yinin don hutu.

Bayan haka ka ci gaba da jirgi cikin gonakin shayi. Wani ɗan ƙasar Sukotlan mai suna James Taylor ne ya fara noman shayi na kasuwanci a nan a 1867, a daidai lokacin da cuta take gab da hallaka gonakin kofi, kuma a 1890 Thomas Lipton ya sayi gonaki a waɗannan duwatsu, shi ne mai sunan da ke kan teburin kowane mai shayi a garuruwanmu. Masana'antarsa ta Dambatenne, kusa da Haputale, tana aiki har yanzu kuma ana zagayawa da baƙi su ga yadda ake shanya ganye da murza shi. Matan da za ka gani suna tsinkar ganye jikokin Tamil ne da Turawa suka kawo daga kudancin Indiya, aikinsu mai wuya ne, ladansa kaɗan, don haka ka nemi izini kafin ka ɗauke su hoto. Nuwara Eliya, wadda ake sauka a tashar Nanu Oya don isa gare ta, tana kan tsayin mita 1,868 kuma darenta yana da sanyin hunturu. Kwana biyu a Haputale ko Ella sun isa, ka ga gadar Demodara mai baka tara, wadda aka gina da dutse da bulo. Ella ta cika da baƙi da wuraren shan giya, mai iyali zai fi jin daɗin Haputale.

Rana ta goma sha ɗaya ka gangara kudu a mota. Mai son giwaye ya tsaya a gandun Udawalawe, mai fatan ganin damisa ya je Yala, amma ya san cewa motoci suna yawa a can kuma ganin damisa sa'a ce. Daga nan sai teku. Mirissa ita ce tashar jiragen da ke fita da asuba, tsakanin Nuwamba da Afrilu, don kallon ƙaton kifin nan mai shayarwa wanda babu dabbar da ta kai shi girma a duniya. Ka zaɓi jirgin da ke ba kowa rigar ceto, ka sha maganin hajijiya tun kafin ku tashi. Weligama da Unawatuna suna da gaɓar da ruwanta ya fi kwanciya. Mutanen ƙasar da tufafinsu suke shiga ruwa, maza da mata, saboda haka babu wanda zai dube ka don ka yi wanka da sutura. Abin kiyayewa shi ne jan ruwa da ke ƙarƙashi, wanda yake ɗauke ƙwararren mai iyo ma. Inda ka ga jar tuta kada ka shiga, inda babu tuta ka tambayi masunta, kuma wanda iyonsa na kududdufi ne ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba.

A nan bakin teku ne ya kamata ka saki jiki da abinci. Shinkafa da miya iri huɗu ko biyar ita ce abincin rana, da kifi da wake da kwakwa da aka kirɓa da barkono. Da safe akwai appa, wata irin waina mai siffar kwano da ake fasa ƙwai a tsakiyarta, da dare kuma kottu, gurasa da ake daddatsawa da ƙarfe a kan faranti mai zafi tare da nama da ganye. Ka sha ruwan jar kwakwa da suke kira thambili, ka ɗanɗana kindirmon ɓauna da zumar itacen kithul, ka kuma nemi watalappan a gidan abincin Musulmi, wanda ake yi da ƙwai da madarar kwakwa da mazarƙwaila.

Kwanan ƙarshe na teku ka yi shi a Galle, wanda ake furtawa Gol. Mutanen Fotugal ne suka fara gina ganuwar a 1588, mutanen Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa ta, Ingilishi suka karɓa a 1796, kuma har yau mutane suna zaune a cikinta, da yawansu Musulmi. Ka zagaya saman ganuwar da la'asar, ka yi Magariba a masallacin Meeran da ke fuskantar hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Jirgin ƙasa daga Galle zuwa Kolombo yana bin bakin ruwa kusan duk hanya, kuma jim kaɗan bayan Hikkaduwa za ka wuce Peraliya, inda igiyar tsunami ta ranar 26 ga Disamba 2004 ta kifar da jirgin fasinja ta kashe fiye da mutum 1,000, a ranar da ƙasar ta rasa sama da mutum 30,000.

A Kolombo ka sauka tashar Fort, ka tsallaka zuwa kasuwar Pettah, inda Jan Masallaci, Jami Ul-Alfar, wanda aka kammala a 1909, yake tsaye da zanen ja da fari a tsakiyar cunkoso. Nan ne wurin tsaraba. Shayin da aka ɗaure a ƙasar yana ɗauke da tambarin zaki na hukumar shayi. Kirfarsu ta asali siririn ɓawo ce da aka nannaɗe ninki-ninki, tana farfashewa da yatsa, ba irin mai kauri da tauri ba. Yaƙutu kuwa kada ka saye shi a hannun wanda ya tare ka a titi, ka nemi shago mai lasisi da takardar gwaji. Haramun ne a fitar da kayan tarihi ko murjani ko ƙoƙon kunkurun teku. Ka mai da ragowar rupinka dala kafin ka wuce masu duba fasfo, ka riƙe rasidin canjin da ka yi ranar isowa, sannan ka bar Kolombo sa'a huɗu kafin tashin jirgi, domin ko da yake babbar hanyar filin jirgi ba ta wuce minti 40 ba, fita daga cikin gari zuwa bakinta da yamma yakan ci fiye da haka.